Dusar da Ba a Auna Ba

Ku da kuke bina a wannan shafi, ku matso kusa, don abin da zan faɗa yau ko Mama ba ta ji ƙarshensa ba tukuna. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, bari in gabatar da kaina a gurguje. Ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ƙaramar malama a sashen kimiyyar dabbobi na jami'ar garinmu. Na ce ƙarama don ba a tabbatar da ni ba. Bisa sharaɗi aka ɗauke ni: in na kammala digiri na biyu cikin wa'adi, a ba ni kujerar koyarwa ta dindindin, in ban kammala ba, in tattara takalmin robata in san inda dare ya yi mini. Yanzu haka saura wata huɗu wa'adin ya cika.

A gida ba kowa ke ganin aikin nan da daraja ba. Gwaggo, ƙanwar Babanmu, wadda tun rasuwarsa ta naɗa kanta uban gida, ba ta kirana da komai sai Malamar tumaki. Takan ce 'ya'yan mutane sun je jami'a sun fito likitoci da lauyoyi, ni na je na kwashe shekaru ina koyon abin da kowace tsohuwa a ƙauye ta iya ba tare da biro ba. In na shigo falo daga gona sai ta ɗaga hanci ta tambayi Mama ko an bar ƙofar baya a buɗe ne. Ni dai sai in yi dariya in wuce banɗaki. Ina son aikina, wallahi ina sonsa. Ina son tsayuwa gaban allo, ina son lokacin da idon ɗalibi ke buɗewa ya gane dalilin da ya sa akuya take tuƙa.

Binciken nawa ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Abincin dabbobi ya yi tsada, ɓawon rogo kuwa zubar da shi ake yi tuli-tuli. Tambayar ita ce, in an shanya ɓawon ya bushe aka niƙa, nawa za a iya ba rago a madadin dusa ba tare da ya rame ba? Aka ba ni raguna goma sha shida, kowane da lambarsa a kunne, na raba su gida huɗu. Gida na ɗaya abincin da aka saba, babu ɓawo ko kaɗan. Na biyu ɗan kaɗan, na uku rabi da rabi, na huɗu kuwa kusan duk ɓawon ne. Sati goma sha biyu za a yi. Kullum ƙarfe bakwai na safe in share ragowar jiya in auna, in auna na yau in zuba, in rubuta a wani babban littafi mai baƙin bango, in sa hannu. Ran Litinin kuma in rataye kowane rago a sikeli kafin ya ci komai. Dokar guda ce: babu abin da zai shiga bakin ragon nan sai ya bi ta kan sikeli.

Mai duba aikina, Farfesa, mace ce 'yar gajeruwa mai furfura, wadda takan ɗaura zane mai tsada sannan ta zura takalmin roba har gwiwa. Ba ta da yawan magana. Ranar da ta miƙo mini makullin garken ta ce guda ɗaya ne, kuma a jakata zai riƙa kwana. Ta ƙara da cewa a wannan sana'ar ba ɓarawo ake tsoro ba, mai tausayi ake tsoro. Na yi dariya, na ɗauka barkwanci ne irin na manya.

Shi kuwa Injiniya, wanda zan aura, a gonar jami'ar muka haɗu, ranar da injin rijiyar burtsatse ya lalace aka kira kamfaninsu. Dogo ne mai sanyin magana, kullum da biro biyu a aljihun gaba da ƙaramin tef na awo rataye a ƙugu. Ya same ni a tsugune, na danne rago tsakanin gwiwoyina ina yanke masa kofato, farar rigar aikina duk ta yi dabbare-dabbare. Bai toshe hanci ba. Ya tsaya yana kallo, sannan ya tambaye ni ko abin yana yi wa ragon zafi. Cikin duk masu zuwa wurina, shi kaɗai ne bai taɓa tambayata yaushe zan bar wannan wahalar in nemi aikin ofis ba. Malama yake kirana, har a saƙon waya, har ranar da muka yi faɗa.

Manya suka shiga maganar, aka tsayar da ranar aure. Sai ragunan gwajina suka yi jinkirin isowa, na roƙa aka ɗaga ranar. Mahaifiyarsa ta haɗiye, amma labari ya zo mana cewa ba da daɗin rai ba. Sabuwar ranar ta faɗo sati uku bayan ƙarewar gwajin. Gwaggo ta nuna ni da yatsa ta ce wannan karon ko ragunan ne suka buɗe baki suka roƙa, ba za a sake ɗagawa ba.

Daga nan Asabar da Lahadina suka tashi daga nawa. Yau wurin tela, gobe zaɓen labule, jibi kafinta ya yi gado da ƙafa ɗaya gajera sai an je an yi masa tsiya. Shida da rabi na safe zan ga Mama a ƙofar ɗakina, ta riga ta yafa mayafinta ruwan toka, jaka a hannu. In na ce raguna ba su san Asabar ba, sai ta ce to in je ragon ya aure ni. Ana cikin haka Injiniya ya ce me zai hana ya riƙa karɓar mini kwana biyun nan. Ai awo sana'arsa ce, in ji shi, wanda ke auna zurfin rijiya ba zai kasa auna abincin rago ba. Na kai shi na nuna masa sikeli da bokitai da lambobin kunne. Sannan na biya kasuwa aka yanka mini makulli na biyu na ba shi. Yakan turo mini alƙaluman ta waya, tsaf-tsaf, har da ɗigo. Ran Litinin in kwafe su cikin baƙin littafi in sa hannu kamar ni na auna. Wannan laifina ne, kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba.

Satin huɗun farko, gida na huɗu suka fara zubewa. Haƙarƙarinsu ya fito ana ƙirgawa. Akwai wani fari mai baƙin kunne, lamba goma sha huɗu, wanda in ya gan ni sai ya shinshina abincin ya ɗago ya dube ni ya yi wani irin kuka kamar na ci amanarsa. Wata rana a mota, Injiniya yana mayar da ni gida, na zauna ina ta mita, har da ɗan hawaye. Na ce dubi yadda suke lalacewa, na ce duk wahalar shanya ɓawon nan ta tashi a banza. Gajiya ce kawai take magana. Abin da ban gaya masa ba shi ne, a wurinmu ramar ma amsa ce. In ɓawo mai yawa yana ramar da rago, sai a rubuta haka, a gaya wa mutane kada su wuce rabi, aiki ya yi kyau ke nan. Na san wannan sarai, amma ban faɗa ba, shi kuma ya miƙo mini hankici.

Daga sati na biyar abu ya juya. Huɗun nan suka fara murmurewa, gashinsu ya kwanta, bayansu ya cika. Kafin sati na goma sun kamo gida na ɗaya har sun wuce su. Wani abin mamakin ma, ragowar abincinsu ƙaruwa take yi. Suna rage ci, suna ƙara nama. Duk wanda ya yi aji biyu a sashenmu ya kamata wannan ya tsaya masa a rai, amma ni sai na ce ai cikinsu ne ya saba da ɓawon. Farfesa ta zo da kanta, ta mammatsa gadon bayan kowane, ta duba littafin sau biyu, ta cire gilashi ta goge. Ta ce in abin ya ɗore haka, za a buga shi a mujallar masana, kuma malaman gona za su so su yi 'yar takarda a raba wa ƙananan masu kiwo. A satin ta rubuta wa kwamitin ɗaukar malamai wasiƙar yabo a kaina. Ranar ban san ko da ƙafa na koma gida ko da fiffike ba.

Har da wani abu da nake jin kunyar tunawa. Duk lokacin da motar Injiniya ta tsaya a bakin garke, huɗun nan sai su ruga ƙofa suna tsalle, sauran goma sha biyun ko a jikinsu. Na ɗauki bidiyonsu na ɗora a wayata, na rubuta a ƙasa cewa har dabbobi sun san mutumin kirki.

Juma'ar da ta wuce, ƙarshen sati na goma sha ɗaya, Injiniya ya zo gaishe da Mama da yamma. Falon cike yake da kayana, labulaye a ninke kan doguwar kujera, kwalayen tangaran jere a gindin talabijin. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwalin a gefe yadda yake so, na kawo shayi a tire. Gwaggo tana nan, ta miƙe ƙafa kan dardumar Mama, ta fara tsokanarsa kamar yadda ta saba. Ta tambaye shi wai shi hancinsa lafiya kuwa, yaya yake jure warin Malamar tumaki. Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

"Ai Gwaggo ni ma na zama makiyayi," ya ce. "Huɗun nan na ƙarshe, da kin gan su da farko da kin tausaya musu, ƙashi da fata. Malama ta damu har tana hawaye. Sai na ce to ina amfanina? Na sayi buhun dusar alkama na ajiye a bayan mota. Kullum in na taso daga aiki sai in biya in zuba musu kwano biyu. Yanzu ki je ki gan su."

Gwaggo ta tafa hannu. Ta ce wa Mama ta ji ko, wanda ya ji tausayin dabbar mace ai ita kanta ta tsira. Idon Mama ya kawo ruwa don daɗi, tana ta sa masa albarka. Ni kuwa ina tsaye da butar shayi, ina zubawa, ban san kofin ya cika ba sai da ya malale a tire ya fara ɗiga kan kafet.

"Tun yaushe?" na tambaya. Muryar ba tawa ba ce.

"Tun sati na biyar."

"Kullum?"

"Ban taɓa fashi ba. So nake sai kin gama in gaya miki."

Na ce zan raka shi mota. A waje, gindin bishiyar ƙofar gidanmu, ya lura fuskata ba daidai take ba, sai ya fara kare kansa tun ban buɗe baki ba. Ya ce abincina bai taɓa ba ko giram ɗaya, duk abin da ya turo mini gaskiya ne. Tasa dusar daban ce, a daron da ya zo da shi yake zuba musu, in sun cinye ya wanke ya mayar mota, don kada ya ɓata mini lissafi. Ku ji fa. Don kada ya ɓata mini lissafi.

Ban yi masa ihu ba, ƙarfin ma babu. A hankali na yi masa bayani kamar ɗalibin aji ɗaya. Na ce duk abin da nake so in sani shi ne me ɓawon rogo ke yi wa rago, yanzu kuwa naman da ke jikin huɗun nan ban san wanne ne na ɓawo wanne ne na dusarsa ba. Na ce wanda aka zuba wa ruwa a rijiya da daddare, da safe ya auna ya ce ya sami idon ruwa, me ya auna? Nan ya gane. Na ga lokacin da abin ya sauka a fuskarsa. Ya jingina da mota yana jujjuya makullin garken a hannu.

"Ban da mu nan gidan, wa ya sani?" ya ce a ƙarshe, ƙasa-ƙasa, bai dube ni ba.

Na miƙa hannu ya sa mini makullin, na juya na shiga gida. Abin da ya fi ƙona mini rai ba tambayar ba ce. Ni ma tun a falo, tun shayin bai gama ɗiga ba, ita ce tambayar da ta fara zuwa zuciyata.

Da na faɗa wa Mama da Gwaggo abin da ke nan, Gwaggo ta dube ni kamar na zare. Ta ce raguna sun yi ƙiba ko ba su yi ba? Na ce sun yi. Ta ce to ina ƙaryar take? Ita a saninta ana kuka ne in dabba ta rame, yau ga boko ya kawo mu zamanin da ake zaman makoki don rago ya yi kitse. Mama ba ta yi dariya ba. Ta bari sai da Gwaggo ta tafi, ta same ni a ɗaki ta zauna bakin gado, ta ɗauki ɗankwalina da na jefar tana ninkewa. Ta ce ta fahimci abin ba daidai ba ne, ba yarinya ba ce ita. Amma saura sati ɗaya in gama. In rufa wa kaina asiri, in rufa wa yaron nan, a tabbatar da ni a aiki, a yi biki lafiya. Bayan nan in zuciyata ba ta kwanta ba, sai in sake gwajin a nutse, ba wanda zai hana ni.

"Auta, ba ki kashe kowa ba," ta ce. "Kada ki zubar da aikinki da aurenki a kan kwano biyu na dusa."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Mama ita ta sayar da keken ɗinkinta lokacin da zan shiga jami'a. In ta ce in rufa asiri, ba mugunta ba ce, tsoro ne irin na uwa.

Asabar da Lahadi ni na je gona da kaina, Mama ba ta tsaya a ƙofata da mayafi ba. Wayata tana aljihun rigar aiki tana ta motsi. Saƙon farko: "Malama, ki yafe mini." Na biyu, bayan awa uku: "Na nemi bayani a kan irin gwajin nan na karanta. Yanzu na san girman abin da na yi." Na uku ran Lahadi: "Tambayar da na yi miki a gindin bishiya, ki ɗauka ban yi ba. Kunyarta nake ji." Na karanta duka, ban mayar da ko ɗaya ba. Na zauna kan bokiti a kife ina kallon lamba goma sha huɗu, ya yi ɓul-ɓul abinsa, yana leƙen hanya ko zai hango mota.

Jiya Litinin na auna su kamar kullum, na rubuta, na sa hannu. Har lokacin ban yanke komai ba, in ma faɗi gaskiya na fi karkata ga shawarar Mama. Ƙarfe goma ina da darasi da 'yan aji biyu, su tamanin da wani abu, a babban ɗakin nan mai fankoki uku da ɗaya kaɗai ke juyawa. Darasin ranar kan yadda ake tsara gwajin ciyar da dabbobi ne, haka yake a jadawali tun farkon zango. Na zana gida huɗu a allo, na yi bayanin sikeli da ragowar abinci da littafi. Ina cikin magana sai na ji bakina ya ce musu, a wannan sana'ar ba ɓarawo ake tsoro ba, mai tausayi ake tsoro. Suka yi dariya, irin wadda na yi. Sannan kawuna tamanin suka sunkuya a tare, suka rubuta.

Na tsaya da alli a hannu ina kallonsu. Duk abin da na faɗa rubutawa suke yi, ba mai cewa in kawo shaida. Kuma wannan ita ce kujerar da nake nema, in tsaya a nan shekara talatin ana rubuta maganata. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai buɗe mujalla ya ga sunana, ya ga ɓawon rogo ya fi dusa, ya koya wa nasa ɗaliban. Sai kuma na tuna 'yar takardar da za a raba. Na hango wata mata mai raguna biyu a bayan ɗaki, an karanta mata cewa malaman jami'a sun gwada, ta daina sayen dusa ta koma ɓawo zalla. Ita babu wani Injiniya da zai biyo da yamma da daro a bayan mota. Na sallami ajin saura minti goma, abin da ban taɓa yi ba.

Ofishin Farfesa yana ƙarshen baranda. Takalman robarta na bakin ƙofa, ita kuma tana zaune tana gyara takardun jarrabawa da jan biro. Wasiƙar yabona tana gefen teburin cikin ambulan, ba a kai ba tukuna. Na ajiye baƙin littafin a gabanta, na ɗora makullai biyu a kai. Ta dubi makullan, ta dube ni, ta ajiye biron.

"Ranki ya daɗe, gida na huɗu sun lalace," na ce. "Kuma ni na jawo."

Na faɗa mata komai, daga yankan makulli har sa hannun da nake yi a kan awon da ban yi ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambayi kwano nawa, sati nawa, ta ɗan yi lissafi a gefen takarda, ta gyaɗa kai. Na jira faɗa, sai ta cire gilashi ta riƙe a hannu.

"Ni ma na ga ragowar abincin tana ƙaruwa," ta ce. "Shekara talatin ina wannan aiki, na san rago ba ya rage ci ya ƙara nama. Na kau da kai ne don ina son abin ya zama gaskiya. Saboda haka mu biyu ne."

Ta ɗauki ambulan ɗin ta yaga gida biyu ta jefa kwandon shara. Ta ce za ta rubuta wata, wadda za ta faɗi abin da ya faru ba ragi, har da makullin, har da sa hannun, har da cewa da ƙafata na zo na faɗa. Za ta roƙa mini ƙarin wata shida, amma kada in sa rai da yawa, kwamitin nan sun taɓa hana wanda ya fi ni hujja. Sababbin raguna za su iso nan da sati biyu, a sake sati goma sha biyu daga farko. Na ƙirga a zuciyata, ranar aurena ta faɗo a sati na biyu na sabon gwajin. Kamar ta ji lissafin, ta turo mini makulli ɗaya ta jefa ɗayan a aljihun tebur, ta ce wannan karon babu Asabar babu Lahadi.

A baranda na tura wa Injiniya saƙo, kalma uku: "Na faɗa mata." Alama ta nuna ya karanta. Bai amsa ba. Na koma gida, Mama tana ta nuna mini samfurin katin gayyata da aka kawo, mai ruwan zinare da mai ruwan hoda, wai in zaɓa. Na nuna ɗaya ban ma san wanne ba. Na kasa gaya mata.

Yau da safe, bakwai saura, na hangi motarsa tun daga babbar ƙofar gona, ya ajiye ta can nesa inda raguna ba za su ji ƙararta ba. Shi kuma yana tsaye a bakin garke, ya tako da ƙafa, takalmansa duk raɓa. Idonsa ya nuna bai yi barcin kirki ba. Ya miƙo mini wata 'yar leda. Sabon kwaɗo ne a ciki, babba, da makullansa biyu ɗaure da waya.

"Duka biyun naki ne," ya ce. "Jiya na gaya wa Hajiyata komai. Na ce ni na ɓata miki aiki, kuma dole a ɗaga ranar."

Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce tana son ganina yau ƙarfe biyar, ni kaɗai, ban da shi, ban da Mama.

Muryarsa ce ta tona shi. Lamba goma sha huɗu ya taso a guje ya kafa ƙafafun gaba a jikin ƙofa, yana kukan nan nasa, yana tura hanci ta tsakanin katako. Na ga hannun Injiniya ya tafi zai shafa shi, sai ya tsaya a hanya. Ya mayar da hannayen biyu baya ya harɗe, kamar ɗan makarantar da aka tsayar gaban hedimasta. Tausayinsu su biyun ya kama ni, har na ji haushin da na kwana huɗu ina riƙo ya fara sulalewa. Na ce masa ai wannan gwajin ya riga ya mutu, in akwai sauran dusa a mota ya je ya ɗebo ya ba shi, yau babu laifi.

Ya dubi ragon, ya girgiza kai.

"A'a, Malama. Sati goma sha biyu ne a gabanmu. Gara in fara koyo tun yau."

A gabanmu, ya ce. Na juya na shiga ɗakin awo da sauri, don kada ya ga fuskata.

Yanzu ƙarfe huɗu da kwata, ina ofis nake rubuta muku wannan. Aikina yana hannun kwamiti, katin gayyata yana hannun Mama da ranar da ba za ta yiwu ba. Na wanke hannuna da sabulu sau uku, amma na san warin garke bai gama fita ba, kuma ba ni da lokacin komawa gida in canja kaya. Haka zan je gaban mahaifiyarsa, da makullai biyu a jakata.